Polaris ko Victory: da wanne ya kamata a fara haɗa jirgin katako?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaye ni wane kwalin kayan haɗa ƙaramin samfurin jirgin ruwa na katako ya kamata sabon shiga ya fara saya; tsakanin biyun da ka ambata, wato babban Victory mai igwa 104 da ƙaramin Polaris, ka sayi Polaris. Ina faɗa maka haka ne domin dukansu biyu sun shigo gidana a nan Yamai: Polaris yana kan kabad a falo cikin akwatin gilashi, Victory kuwa shekara uku ke nan yana ƙarƙashin gado, gangarsa, wato jikin jirgin, rabi a rufe rabi a buɗe.

Polaris na kamfanin OcCre ne na ƙasar Sifen, an yi shi a ma'aunin 1:50, wato kowane santimita ɗaya a jikinsa yana madadin rabin mita ne a jirgi na gaske, kuma idan an kammala shi tsawonsa bai kai santimita 60 ba, don haka ƙaramin tebur ma ya ishe shi. Sanduna biyu gare shi, igiyoyinsa kuma ana iya ƙirga su, amma kusan duk aikin da ake yi wa babban jirgi akwai shi a ciki. Za ka fara da ƙashin baya, ka jera haƙarƙari a kansa, kowanne a gurbin da aka yanka masa, ka tabbata ya tsaya cak bai karkata ba kafin gam ya kama. Daga nan sai aikin da sabon shiga ya fi rainawa, wato goge gefen haƙarƙarin da samfefa har siririn katako ya kwanta a kan uku ko huɗu a jere ba tare da ya bar rata ba. Wanda ya yi gaggawa a nan zai tarar da ita tana jiran sa a gaba, domin kowane tudu da kowane kwari sai sun bayyana a jikin jirgin.

Babban dalilin da ya sa nake ba da shawarar wannan kwali shi ne rufi biyu ake yi wa gangar. Na farko da farin katako ne mai laushi, mai kaurin milimita biyu ko kusa da haka, wanda idan ka yi kuskure za ka kwaɓa garin katako da gam ka cike ramin, ka goge, ya ɓace. Na biyu kuwa da jan katako ne siriri kamar takarda mai kauri, wanda ake kira safele, sunan da ya samo daga garin Sapele na kudancin Najeriya inda aka daɗe ana lodin katako zuwa ƙasashen waje. Shi ne fatar da ido ke gani, kuma kafin ka kai gare shi hannunka ya riga ya koyi yadda ake sirantar da katako wajen goshin jirgi, inda ganga ke tsukewa, don kada su hau kan juna. Kamfanin kuma ya saka bidiyon aikin mataki-mataki a YouTube, abin da ya taimake ni ƙwarai a wuraren da hoton littafi bai wadatar ba.

Ba zan manta da daren da na fahimci lanƙwasa katako ba. Lokacin hunturu ne, katakon ya bushe ƙamas, na karya guda uku a jere wajen goshin jirgin har na fara tunanin ajiye aikin. Muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, ƙanena yana dafa shayi a kan gawayi, sai na ɗauko katako ɗaya da ya yi rabin awa cikin ruwa, na kwantar da shi a jikin butar mai zafi, ina danna shi sannu a hankali da yatsu biyu ta cikin tsumma. Tururi ya tashi, katakon ya saki jiki ya bi zagayen butar ba tare da ya yi ƙara ba, da ya huce kuma ya riƙe lanƙwasar. Ƴata ce ta riƙa miƙo mini abin matse shanya ɗaya bayan ɗaya ina kama shi da haƙarƙari, muka bar shi ya kwana ya bushe kafin na sa gam. Tun daga ranar ban sake karya ko ɗaya ba. Wata huɗu aikin ya ɗauke ni, awa ɗaya ko biyu da dare, kuma ranar da na ɗaura filafilai wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin kwale-kwale a kogin Isa, ya daɗe yana bin layin katakon da ɗan yatsa daga goshi zuwa baya, sannan ya tambaye ni yadda na haɗa bakunansu. Wannan tambayar ta fi mini kowane yabo daɗi.

Victory kuwa, ba na musun cewa jirgi ne mai daraja. An saka shi a ruwa a Chatham a 1765, a kansa Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya jagoranci yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805 kuma a cikinsa ya mutu, tun 1922 yana ajiye a busasshiyar tasha a Portsmouth ta Ingila ana zuwa kallonsa. Sai dai wannan girman shi ne nauyin da zai hau kanka. Jirgin na gaske a zamanin aikinsa yana da filafilai har 37 da igiyoyin da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 42, an kuma lulluɓe ƙasan gangarsa da faranti 3,923 na jan ƙarfe a 1780, kuma kwali mai kyau yana son ka kwaikwayi wannan duka: faranti ɗaya-ɗaya, tagar igwa ɗaya-ɗaya a layi uku da ba a son ko ɗaya ta goce, da dubban ƙulle-ƙulle a tsanin igiya. Wanda kamfanin Caldercraft ke yi a ma'aunin 1:72 ya kusa mita ɗaya da santimita 40. Aikin shekaru ne ga wanda ya ƙware, ga sabon shiga kuwa yawanci wajen rufin ganga ake tsayawa.

Ba ka tambayi wannan ba, amma wajibi ne in faɗa maka, domin a nan na yi asara. Victory ɗin da ke ƙarƙashin gadona ba na ɗaya daga cikin sanannun kamfanoni ba ne. Na gan shi ne a intanet da hoto mai ɗaukar ido da farashi mai sauƙi, na manta da cewa araha ba ta ado. Da kwalin ya iso babu sunan wanda ya ƙera shi, babu babban zanen aiki mai cikakken ma'auni, sai ƴan takardu da aka kwafa har layukan sun dusashe. Ƙashin bayan ya zo a karkace, katakon haƙarƙarin yana ɓarewa ninki-ninki da zarar reza ta taɓa shi, igwa da yawa kuma babu su. Akwai masu kwafar zanen kamfanonin gaskiya su yanka shi a katako maras kyau, su ɗora hoton jirgin da wani gwani ya haɗa. Akwai kuma waɗanda suka fi su muni, masu talla a Facebook da WhatsApp, waɗanda za su ce ka tura rabin kuɗi kaya na hanya daga Kwatano ko Dubai, da kuɗin sun shiga lambar ta daina shiga. Kada ka biya sai an nuna maka kwalin a buɗe ta bidiyo, ka ga sunan kamfani, da littafin bayani, da jerin kayan ciki. Sunayen da aka sani a wannan harka su ne irin su OcCre da Artesanía Latina na Sifen, Amati da Corel da Mantua na Italiya, Billing Boats na Denmark, Model Shipways na Amurka, da Caldercraft na Ingila. Ka duba farashi a shafin kamfanin da kansa ka yi lissafi: Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, wato Yuro 100 ya haura jika 65 kaɗan, sannan ka ɗora kuɗin aikowa da na duwan. Kwalin Victory na kamfanin gaskiya yana ninka kuɗin Polaris sau da yawa, don haka duk wanda ya kawo maka shi a farashin Polaris ko ƙasa da haka, jabu yake sayarwa. Idan kana da ɗan'uwa mai zuwa daga Faransa, kwalin Polaris yana shiga jakar tafiya, wannan ita ce hanyar da ta fi kwanciyar hankali.

Yanayinmu ma yana goyon bayan ƙaramin jirgi. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, kuma gangar da ta yi shekara biyu a buɗe tana shiga wannan hali sau da sau, sai ka ga rata ta buɗe a inda ka manna da kyau. Wanda za ka gama rufe shi ka shafa masa man kare katako a cikin yanayi ɗaya ya tsira daga wannan. Da zafin watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, farin gam na kafinta yana yin fata kafin ka gama daidaita katako, don haka ka riƙa matso kaɗan-kaɗan a murfin kwalba, ka yi aikin da dare ko da asuba. Gam mai kamawa nan take ka bar shi don ƙananan ƙarafa kawai, kada ka kusantar da shi ga ido. Zaren igiya kuma ka ja shi ta cikin kakin zuma kafin ka ɗaura, gashinsa zai kwanta. Akwatin gilashi ba ado ba ne a garin da ƙura ke shiga ko da taga a rufe, gara kuma ba ta bambanta jirgi da ƙafar kujera, saboda haka kada ka ajiye kwalin a ƙasa ko jikin bango.

Kayan aiki kada su tayar maka da hankali. Reza mai kaifi ko wuƙar yankan takarda, samfefa mai kaushi da mai laushi, ƙaramar guduma, matsefata, alluran tela, robar ɗaure kuɗi da abin matse shanya sun isa, kuma yawancinsu za ka same su a kasuwar Katako ko a Babbar Kasuwa. Idan ka gama Polaris hannunka na neman ƙari, ka nemi Bluenose, jirgin kamun kifi da tsere na Kanada da aka saka a ruwa a Lunenburg a 1921, wanda hotonsa ke kan kwabon senti 10 na ƙasar. Gangarsa doguwa ce mai santsi, babu igwa ko ɗaya. Ranar da kwalinka ya iso kuma, kada ka taɓa gam. Ka baje kayan a kan tabarma ka ƙirga su da jerin da ke cikin littafin, ka ɗaure siraran katakan da roba a kan allo miƙaƙƙe, ka bar su mako ɗaya ko biyu a ɗakin da za ka yi aikin, su saba da iskar Yamai tukuna.