Wasan waya ko na hannu: wanne ya fi rage zafin ɗinki bayan aikin ciki?

'Yar uwarmu da ta yi tambaya jiya da daddare, sannu da jiki, Allah ya sa a yi a sa'a. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: ranar Talata za a yi mata aikin cire ƙari a mahaifa, wata nas a danginsu ta ce ta tafi da wasannin wasa ƙwaƙwalwa don su rage mata zafi da gajiya, shi ne take tambaya ko ta sauke na waya irin su Tetris da Candy Crush, ko ta nemi na takarda irin su Sudoku. Na ga yawancin amsoshin sun tsaya a kan "ai duk ɗaya ne". Ni dai ban yarda ba. An yi mini irin wannan aikin shekara uku da suka wuce, bayan nan kuma na yi jinyar Babanmu da aka yi masa aikin gwaiwa. Abin da na gani da idona shi ne zafi daban, gajiya daban, kuma wasan da ya fi danne zafi sau da yawa shi ne ke ƙara gajiya.

Maganar nas ɗin ba shaci-faɗi ba ce. Kin san yadda yaro ke dawowa daga ƙwallo gwiwarsa na jini, sai uwarsa ta nuna masa sannan ya ɓarke da kuka? Ciwon yana nan tun a fili, hankalinsa ne ba ya nan. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka yi bayanin cewa saƙon zafi ba kai tsaye yake tafiya daga rauni zuwa ƙwaƙwalwa ba. Akwai wata mashiga a lakar gadon baya da ke buɗewa ko ta tsuke, kuma saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa yana cikin abin da ke tsuke ta. A Jami'ar Washington da ke Amurka har wasa suka ƙirƙira mai suna SnowWorld: a sa wa mai ƙuna tabarau ya ga kansa cikin ƙanƙara yana jifa, a daidai lokacin da ake wanke masa rauni. Hankali ɗaya ne, in ya tafi can ba ya cika nan.

To, a wannan fannin wasan waya ya yi wa na takarda nisa, musamman Tetris. Wani Barashe ne, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984, wasa ne na jera tubalan da ke faɗowa daga sama su cike layi, kuma sirrinsa ɗaya ne: tubalan ba sa jiranki. Suna ta saukowa, in kika ɗauke ido na ƙiftawa biyu sun taru. Ba ke za ki kai hankalinki wurinsa ba, shi zai fizge shi. Ranar da aka fara canja mini auduga, nas tana ɓare filasta a hankali, kowane gashi da ya kama sai na ji shi har ƙeya, na riƙe waya a saitin fuskata ina juya tubala. Ba zan ce ban ji ba. Na ji, amma kamar a maƙwabta ake yi. Haka kuma ya yi mini rana a 'yan mintunan nan da maganin farko ya fara sakina, lokacin na gaba bai yi ba, ina ta kallon ƙofa ko nas za ta ɓullo. A birnin Lozan na Suwizalan ma an gwada shi a kan matan da aka yi wa tiyatar haihuwa ta gaggawa: suka buga na minti 15 cikin awa shida na farko, kuma a makon da ya biyo baya firgicin abin da ya faru bai riƙa faɗo musu a rai kamar waɗanda ba su buga ba. A 2017 aka wallafa wannan. Sai dai a lura, tunanin firgici aka auna a can, ba zafin ɗinki ba.

Candy Crush, wanda ya fito a 2012, ya fi sanyi. Wasa ne na jera alawoyi masu launi ɗaya, alawoyin kuma suna zaune har sai kin taɓa, don haka ya fi dacewa da ranar da kanki ke yawo. Yana da wani hali da masu lafiya ke tsaki a kai, amma ga mai jinya alheri ne: rai biyar yake ba ki, in sun ƙare sai kin jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo. Kada ki saya, kada ki roƙi kowa ya turo miki. Ki ɗauka ƙararrawar tashi ce aka kaɗa.

Illar waya kuwa tana da yawa, kuma ba a faɗa. Na farko, a kwance ake buga ta, alhali kwanciya ita ce abokiyar gabarki. Na biyu, in an sa miki allurar ƙarin ruwa a bayan hannun da kike aiki da shi, babban yatsa ya yi ta motsi, wurin zai fara tsami. Ki roƙa a sa a ɗaya hannun in zai yiwu. Na uku, gyangyaɗi. Ni dai wayata ta suɓuce ta faɗo mini a ciki dab da ɗinki, ihun da na yi har mai gadon kusa da ni ta yi salati. Ki ɗora filo a ciki kafin ki ɗaga waya. Sannan magungunan zafi masu ƙarfi irin su tiramadol suna kawo jiri da tashin zuciya, kallon abu mai motsi kuma yana ƙara su, amai da sabon ɗinki kuwa Allah ya raba ki. Ga hasken fuskar waya da ke kore barci in dare ya yi. Ga kuma saƙonni: kin shiga buga wasa, sai ga "ya jiki" guda sittin, kowanne kina jin nauyin ƙin amsawa. Ki kashe data tukuna.

Sudoku fa? Gida 81, lamba 1 zuwa 9, kada lamba ta maimaitu a layi ko a cikin akwati. Ba lissafi a ciki, lura ce kawai. Tun da jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 2004 ya bazu duniya, ni ma ina cikin masu sonsa, don haka da littafi guda na tafi asibiti ina taƙama. Kwana biyun farko ko shafi ɗaya ban gama ba. Maganin barci bai gama barin kaina ba, na yi kusan minti arba'in a kan ɗaya, sai daga baya na ga na jera bakwai sau biyu a layi guda. Matsalarsa ita ce ba ya jan ki. Ke za ki ɗauki hankalinki ki kai masa, in zafi ya yi ƙarfi kuwa hankalin sai ya zame ya koma kan ciwon. Amma bayan na koma gida, wajen kwana takwas, sai ya zama shi ne gwani. Dole ki zauna ki jingina kafin ki rubuta, ba haske a ido, kuma yana da ƙarshe: kin cike gidan ƙarshe, kin rufe littafi, kin miƙe. Ki fara da masu sauƙi, da fensir mai abin gogewa, ba biro ba.

Wanda ba ki ambata ba shi ne ya fi burge ni, wato dara. Babanmu ba ruwansa da waya in ba kira ba. Kwana uku da aikinsa ya yi shiru, ba ya son magana, ba ya son tashi, abinci ma sai da lallashi. Sai amininsa ya zo dubiya, ya duba shi, ya ce, "Malam, kwanciyar nan ba ta yi ba." Ya yago murfin kwali ya zana gida talatin da biro, biyar a shida. Shi ya ɗebi ƙwallayen dabino goma sha biyu, ya miƙa wa Baba tsinken ashana goma sha biyu. Kowa ya dasa nasa, aka fara turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Baba da ke cewa ba zai iya zama ba, sai ga shi ya ce a ɗaga masa kan gado. Can kuma ya zuro ƙafafu ƙasa don ya ga kwalin da kyau. La'asar ta yi, ya ce a kama shi ya je ya yi alwala da kansa. Dara ba ta kai Tetris fizgar hankali ba, don ana jiran abokin wasa, a cikin jiran kuwa zafi yakan leƙo. Amma ta kawo abin da waya ba ta da shi, mutum a gabanka yana tsokanarka. Lido ma haka, sai dai shi akwai hayaniya da dariya, dariya kuwa tana jan ɗinki. Ki danna filo a ciki da hannu biyu duk lokacin da za ki yi dariya, tari ko atishawa.

Batun gajiya kuma, a nan nake so ki rage buri. Gajiyar bayan aiki ba ta zaman banza ba ce da wasa zai kore. Jiki ne ke kashe ƙarfinsa wajen haɗe nama, ga jinin da aka rasa, ga barcin asibiti da ake katsewa da awon zafin jiki da na jini. Masu ƙari a mahaifa ma da yawa da ƙarancin jini suke shiga aikin, saboda zubar da suka sha kafin nan. In an buɗe ciki, a saba ji mako huɗu zuwa shida kafin mutum ya fara jin ya dawo daidai, wasu fiye. Abin da wasa ke iya ragewa shi ne kasalar zuciya, wannan nauyin na kallon silin daga safe zuwa yamma. A nan dara da Sudoku sun fi, don suna tayar da ke zaune kuma suna ƙarewa. Waya kuwa in kika sake mata, za ki ajiye ta bayan awa biyu ido na zafi, wuya ya ƙage, ba ki yi barci ba, ba ki taka ko'ina ba. Ni minti goma sha biyar zuwa ashirin na yanka wa kaina, daga nan in ajiye in taka zuwa ƙarshen baranda in dawo. Tafiyar nan da nas za ta matsa miki ki fara tun washegari, ita ke hana jini daskarewa a ƙafa, ta buɗe huhu, ta tayar da hanji har iska ta fita a ba ki izinin cin abinci. Babu wasan da zai yi miki wannan.

Abu ɗaya da nake tsoro: kada dauriya da wasa su sa ki ƙi karɓar magani a kan lokaci, ko ki ɓoye wa likita gaskiya in ya ce ki auna zafin daga sifili zuwa goma. Zafin da ya kamata wasa ya taimaka a kai shi ne wanda ke raguwa kullum. In yana ƙaruwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ciki ya kumbura kina amai, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ki ajiye komai a kira likita, ko da tsakar dare ne.

Don haka ki sauke Tetris da Candy Crush tun a gida, ki gwada su ba data ki tabbatar suna buɗewa. Ki sa doguwar caja da fawa-bank a jaka, don soket ɗin ɗakin marasa lafiya kullum a bayan gadon wata yake. Littafin Sudoku ki bar shi a gida kan durowa, zai jira ki. Wadda za ta kwana da ke kuma ki tambaye ta tun yau ko ta iya dara. In ba ta iya ba, akwai sauran kwana huɗu, ta je wurin dattawan ƙofar gida su koya mata.