Inshorar dubu 15 ko cikakkiya? Amsa ga mai kai iyali Jos hutun Ista

Ƙanena, ka tambaya ko ƙaramar inshorar mota ta naira dubu 15 za ka yi ko cikakkiya, wadda ke biyan ɓarnar taka motar ma, kafin ka kai iyali Jos daga Abuja hutun Ista. Cikakkiyar za ka yi. Siennar da ka ce ta kai naira miliyan 9, ga uwargida ga yara uku, ga hanyar Akwanga a farkon damina, ban ga abin dogon tunani ba tsakanin ƙaramar inshora da cikakkiya.

Ƙaramar, wadda ake ce wa tad-fati, ita doka ta wajabta, shi ya sa kowa ke yinta. Daga 1 ga Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. In ka buge motar wani, ko ka ji masa rauni, kamfani zai shiga maganar. Taka motar kuwa ko madubi ba za a saya maka ba. Za ta raba ka da 'yan sanda a hanya, tunda tun 1 ga Fabrairun 2025 suka matsa wajen dubawa, iyakarta ke nan. Mai tsohuwar Golf ta kai yara makaranta, ta ishe shi.

Ni cikakkiya nake yi wa motata, kuma na ga ranarta. Wata Litinin ta ƙarshen hutun Ista muna dawowa Abuja, mun wuce Riyom muna gangaren Hawan Kibo, sai ruwan farko ya sauko. Wanda ya san hanyar ya san yadda kwalta ke santsi a irin wannan ruwan, duk man da tireloli suka zubar lokacin rani ya taso sama. Motar gabana ta taka birki saboda wata tirela da ta maƙale a kwana, ni ma na taka na tsaya lafiya, sai wata bas ta zo ta dake ni ta baya ta tura ni kan ta gaban. But ya lotse har kusa da kujerar baya, gilashin baya ya tarwatse a kan buhun dankalin da surukata ta ba mu, gaba kuma fitila ɗaya ta tafi, lagireto na tsiyaya. Allah Ya tsare, yaran duk suna ɗaure da bel, kuka kawai suka sha.

Direban bas ɗin ya zaro takardar inshorarsa da ƙarfin gwiwa, sabuwa fil da tambari. Aka duba lambar motar a waya, babu ita a ko'ina. Bawan Allah ya zauna bakin titi ya dafe kai, don shi ma bai san ta bogi aka sayar masa ba. Da ƙaramar inshora nake da ita, da gyaran motata ya rataya a wuyan mutumin da ko kuɗin fitila ba shi da shi, mu yi ta zaryar ofishin 'yan sanda ana ba ni haƙuri.

Abin da ya faru maimakon haka: na kira lambar da ke jikin takardata a nan bakin hanya, wata baiwar Allah ta ɗauka duk da ranar hutu ce, ta fara tambayar lafiyar yara kafin ta tambayi mota. Ta ce in ɗauki hotuna ta ko'ina kafin a matsar da komai, in karɓi rahoton 'yan sanda, kada in rubuta wa kowa cewa laifina ne. Janwe ya ɗauko motar zuwa wurin bakanikena a Apo. Ya rubuta lissafin gyara, kamfanin ya turo injiniyansa ya duba, suka ɗan yi ciniki a kan kuɗin fenti, aka cire ɗan kason da ka'ida ta ce mai mota ke biya da kansa, sauran suka biya. Mai motar gaba ma su suka ji da shi. Ba na cewa an yi a kwana biyu, na bi su da kira, amma ban taɓa kuɗin makarantar yara ba.

Tsadarta ce matsalar, ba zan ɓoye maka ba. NAICOM ta ce kuɗin cikakkiya kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, wato a taka naira 450,000 a shekara. Da ciwo. Sai dai ka tambayi kanka, in motar nan ta ƙone ko aka sace ta a bakin coci ranar Lahadi, yaushe za ka sake tara miliyan 9? Kuma kada wayo ya sa ka ce musu motar ta miliyan 5 ce don kuɗin ya sauko. Ranar biya da wannan ma'aunin za su auna maka, su biya ka kaso ka cika sauran.

In za ka sa hannu, ka tambaye su baki da baki ko ambaliya da ɓarnar tarzoma suna ciki, domin sau da yawa sai an ƙara musu kuɗi daban. Mu da muka tashi a Jos ba sai an yi mana bayanin dalili ba. Sannan inshorar motar gida ce, ranar da ka tsaya a Nyanya ka kwashi fasinjan kuɗi don rage kuɗin mai, ka ba kamfani hujjar ƙin biya. Haka in ka isa gida ka miƙa makulli ga ɗan yayarka da ba shi da lasin ya je kasuwar Terminus cefane. Wannan ɗin shi ya fi cin mutane lokacin hutu, kowa na kunyar hana yaro mota a gaban dangi. Hana shi.

Masu ƙyamar inshora saboda addini, tunda na san za su yi magana, akwai takaful, irin su Noor da Jaiz, duk NAICOM ce ta ba su lasisi. Gudummawa ake tarawa, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba, kuma ba a tambayar addininka kafin a yi maka.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka kiyayi 'yan baranda da ke shawagi a bakin ofisoshin sabunta takardun mota. Za ka ba mutum kuɗin takardu gaba ɗaya, ya dawo maka da takardar inshora da aka buga a shagon kwamfuta na bayan layi. Duk wanda ya ce zai yi maka ta 15,000 a kan 7,000, ko cikakkiya a kan kashi 2 cikin 100, takarda kawai zai ba ka, araha ba ta ado. Ka biya kuɗinka kai tsaye cikin asusun kamfanin ko na dillali mai rajista, ba asusun wani mutum ba. Da an gama, danna *565*11# a wayarka ka sa lambar mota, ko ka shiga askniid.org, rumbun ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya. In sunan kamfanin da ranar ƙarewa ba su fito ba, ba ka da komai. Ku ma da ke karantawa ku duba naku yau, za ku sha mamaki.

Abu ɗaya da duka biyun ba su ɗauke maka ba shi ne asibitin iyalinka. Ƙaramar ba ta san da kai direba ba, abin da cikakkiya ke warewa na jinyar waɗanda ke cikin mota kuma kaɗan ne, ka duba adadin a takardar. Saboda haka katin inshorar lafiya na hukumar gwamnati ta NHIA ko na wurin aikinku ya shiga jakar uwargida, ba a bar shi cikin durowa a Kubwa ba. Ku ajiye 122 na hukumar kiyaye haɗurra da 112 na kiran gaggawa a wayoyinku ku biyu. Yaro ƙasa da shekara 12 ba ya zama gaba, ko a cinyar uwarsa ne. Ka sunkuya ka karanta lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ta haura shekara huɗu, musamman 'yar gwanjo, canza ta kafin ka fuskanci Hawan Kibo.

Kada ka bari sai Alhamis. Za su so ganin motar su ɗauki hotonta kafin su karɓa, inshora ba ta fara aiki sai kuɗi ya shiga, kuma daga Juma'a zuwa Litinin ɗin hutun Ista ofisoshi a rufe suke. Ka je Litinin ko Talata. Ranar tafiya ku fita da sassafe kafin cunkoson Mararaba, ku hau tsaunin da rana tsaka. A gaida uwargida da yaran.