Na'urar jin hayaƙi: wacce za ta jure ƙurar hunturu a gidan ƙauye?

Warin hayaƙi ba ya tashin mai barci. Idan garwashi ya faɗo daga kasko ya kama bakin katifa, ko wayar caji ta narke cikin dare, kafin wuta ta bayyana hayaƙi ya riga ya cika ɗaki. Aikin wannan na'ura, wadda faɗinta bai wuce murfin ƙaramar samira ba, shi ne ta yi kururuwa tun a wannan lokacin. Ta gaske tana ƙarar da ta kai desibel 85 daga nisan mita 3. Sai dai akasarinsu an ƙera su ne don gidajen da babu ƙura, babu turaren wuta, babu zafin kwano. Mai saye daga Rano ko Gumel, tambayarsa ta farko ita ce: wacce zan iya sharewa in ci gaba da amfani da ita?

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ido, wadda za ka ga an rubuta Photoelectric ko Optical a kwalinta. A cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu da ƙaramar fitila da ido a gefe. Hayaƙi na shiga sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta yi ƙara. Ta fi saurin jin wutar da ke ci a hankali, irin ta katifar soso, tarin tufafi da wayar lantarki. Ɗayar kuma an rubuta mata Ionization, tana ɗauke da ɗan mitsitsin sinadarin amerisiyom 241 da ke sa wutar lantarki ratsa iska tsakanin faranti biyu, hayaƙi kuma ya katse ta. Wannan ta fi saurin jin wuta mai harshe, kamar ta fetur ko ciyawa, kuma takan fi arha. Aibinta shi ne yawan ƙarar banza: ƙauri kaɗan daga madafa ya isa. Na'urar da ke damun mutane kuwa ƙarshenta a cire mata batir a jefa ta saman kwaba. Don ɗakin kwana, mai ido za ka ɗauka.

Amma mai idon ma tana da maƙiyi, wato ƙura. Ƙurar da ke shiga daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana kwanciya a bangon ɗan ɗakin nan, ta riƙa watsa haske kamar hayaƙi, har ta fara ihu da tsakar dare ba gaira ba dalili. Gizo-gizo da ƙananan ƙwari ma haka suke yi. Saboda haka a shagon, ɗaga ta sama ka leƙa ta ramukan gefe. Idan ka ga raga mai laushi a ciki, ta hana ƙwari ce, kuma ita ake so. Murɗa ta hagu ka ga ko tana fita daga farantinta cikin sauƙi. Wadda sai an kwance ƙusa kafin a sauke ta, ba wanda zai riƙa share ta.

Sharar ba wuya. Sauke ta, cire batir idan mai cirewa ce, bi ramukan da busasshen burushin fenti mai laushi, sannan ka hura mata iska da ɗan famfon roba irin na masu gyaran waya. Kada ka hura da baki, danshi ne kake zuba mata. Goge bayanta da tsumma, mayar da batir, danna maɓallin gwaji sai ta yi ƙara. A hunturu kowane wata, sauran shekara bayan wata uku. Ba a wanke ta da ruwa, ba a yi mata fenti, ba a fesa mata maganin sauro. Ranar da za a yi feshi ko fenti a ɗakin, a sauke ta, a mayar idan an gama.

Batun wuta: mai jona da layin NEPA ka bar ta, sai in gidan na da tsayayyar sola. Musamman 'yan gwanjo daga Amurka, volt 120 ne, namu kuwa 230, nan take za ta ƙone. Ya rage tsakanin mai batirin cirewa da mai batirin litiyom da aka rufe a ciki. Mai rufaffen batir an yi ta ne ta yi shekara 10 ba canji, kuma yara ba za su zare shi su sa a rediyo ba. Ta fi tsada, zafi kuma yana rage kwanan batir, idan ya mutu sai dai a sake na'urar ɗungurungum. A masu cirewa, wadda ke cin AA ta fi dacewa da ƙauye fiye da mai batirin volt 9 ɗin nan mai kusurwa huɗu, domin AA ko a teburin mai kayan koli ranar kasuwa za ka samu. Sa batirin da aka rubuta wa Alkaline, ba batirin tocila mai arha ba, wanda ke saurin ƙarewa ya tsiyaye ya ci ƙarfen ciki. Canza shi duk shekara, kafin sanyi ya shigo. Idan ka ji tana “cit” sau ɗaya bayan kowane daƙiƙa 30 zuwa 60, ba gobara ba ce, batir take nema.

Juya bayanta ka karanta ranar da aka ƙera ta. Shekara 10 daga wannan ranar ake lissafi, ba daga ranar da ka saya ba. Wadda ta yi shekara 4 a kantar masu kayan wuta na Sabon Gari saura 6 gare ta. Babu kwanan wata, kada ka saya. Nemi lambar shaidar inganci EN 14604 ko UL 217, ka kuma sa mai shago ya saka batir ya danna a gabanka. Ka fi son mai maɓallin yin shiru, wanda ke kwantar da ita na kusan minti 10, don uwargida ba za ta fasa turaren wuta saboda na'ura ba.

Wurin kafawa ma yana cikin ciniki. A ɗaki mai silin, tsakiyar silin, aƙalla santimita 30 daga bango da kwan fitila, nesa da fanka da taga. Ɗakin azara haka, a jikin azarar. Ɗakin kwano da babu silin shi ne matsala: yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba, ƙarƙashin kwano kuwa a watan Afrilu ya fi haka nesa. Nan sai a kafa ta a bango, a ɓangaren sama amma ba dab da kwanon ba. Tsakaninta da murhu a bar mita 3. Cikin madafar da ake girki da itace kuwa asarar kuɗi ce.

Akwai abin da duk waɗannan ba sa ji: iskar kabon monoksaid da gawayi da janareto ke fitarwa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Gidan da ake shiga da kasko ɗaki, ko ɗakin mai jego da ake hura wa gawayi, na buƙatar na'urarta daban, mai alamar CO da lambar EN 50291 ko UL 2034. Akwai mai haɗe da aikin biyu, ta fi sayen guda biyu sauƙi, amma idan ɓangare ɗaya ya ƙare duka za ka jefar, kuma ɓangaren CO yakan riga ƙarewa, wasu a shekara 5 zuwa 7. Na'urar ba ta mayar da barci da garwashi a rufaffen ɗaki abu mai aminci ba. A fitar da kaskon kafin a kwanta, janareto kuma ya tsaya a waje nesa da taga.

Idan kuɗin guda ɗaya kake da shi, sayi mai ido mai cin AA, ka kafa ta a ɗakin da yara ke kwana. A gidan da ɗakuna ke warwatse a tsakar gida, danna maɓallin da dare, ƙofa a rufe, wani ya tsaya a turaka ya saurara. In bai ji ba, ɗakin na gaba shi ma yana buƙatar tasa.