Kwalin haɗa jirgin ruwan katako: a gindin jirgi aikin yake

Ga matasan kafintocinmu na ƙauyukan Ringim da Haɗeja masu sha'awar kwalin nan na ɗan jirgin ruwan ado da ake yo oda daga Chaina: kayan ya ci kuɗinsa, amma takardar bayaninsa ba za ta kai ku gaci ba. Ƙashin bayan jirgin da haƙarƙarinsa na filawud ne, yankan na'ura, suna shiga juna daram. Falankan farin katako ne mai laushi, faɗin milimita 5, kauri 1.5. Zare da ƙyallen dai ba yabo ba fallasa.

Matsalar tana gindin jirgi, wato ƙarshensa na baya. Takardar ta nuna a liƙa falanki kai tsaye, alhali gefen haƙarƙari biyun ƙarshe a tsaye yake. Falanki zai zauna a kan kaifin kawai, ya karye ko ya yi ƙusumbi. Sai an naɗa samfefa lamba 80 a jikin guntun katako an goge gefen a karkace, ana ɗora falanki ana dubawa, har ya kwanta ba tare da haske ya ratsa ƙarƙashinsa ba. Ratar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da allon baya ma ta yi yawa. A cike ta da guntun katako mai laushi, a sassaƙa, gam ya sami wurin kamawa.

Abin da aka fi mantawa shi ne rage kaurin ƙashin bayan daga ƙasa, inda allon juya jirgi zai zauna. Falanki 1.5 ta dama, 1.5 ta hagu, an ƙara milimita 3 ke nan. In ba a fere wurin tun farko ba, gindin zai fito da kauri, allon ya zama kamar baƙo.

Wajen lanƙwasa, a jiƙa falanki a ruwan zafi minti 20, a murza shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi ma yana yi. A ɗaure shi a mazauninsa da robar ɗaure kuɗi, ba gam, ya kwana. Wanda ya liƙa shi da danshi, musamman da hunturu, zai wayi gari katakon ya tsuke, tsaga ta buɗe tsakanin layi da layi. Farin gam na kafintoci ya fi dacewa. Sufa gulu yana hana gyara, kuma tabonsa na fitowa ƙarƙashin banish.

A gaban jirgi falankai matsewa suke, a baya kuwa buɗewa suke kamar yatsun hannu. Kada a tilasta musu haɗuwa. A bar kowanne ya bi hanyarsa, a yanka ɗan falanki mai siffar ƙaho da reza a cusa a gibin, amma kada bakinsa ya gaza rabin faɗin falanki, tsini ba ya riƙe gam. A riƙa liƙa ɗaya dama ɗaya hagu, don kada jirgin ya karkace.

Falankan da ke kwalin ƙididdigaggu ne, babu rara sosai, saboda haka a adana duk guntun da aka yanke. Ƙananan ramuka kuwa, garin katakon da aka goge a kwaɓa da gam ya isa, sannan a bi da samfefa 120, a ƙarasa da 240.