Sound Magic: faifan da ya kamata masu situdiyo a Yamai su saurara

Faifan farko na ƙungiyar Afro Celt Sound System, mai haɗa kiɗan Afirka ta Yamma da na ƙasar Ayalan, wato Volume 1: Sound Magic, ya fito a 1996 daga kamfanin Real World na Peter Gabriel. Simon Emmerson ne ya haɗa makaɗan, bayan aikin da ya yi da mawaƙi Baaba Maal na Senegal. A ɓangaren Ayalan akwai mawaƙi Iarla Ó Lionáird, da James McNally mai busa da ganga, da masu busa Davy Spillane da Ronan Browne. Daga Senegal kuwa, Massamba Diop ne riƙe da tama, ƙanwar kalangunmu.

Abin da ya sa muke yaba shi, kowane kiɗa an ba shi wurinsa. Abin busar Ayalan da suke kira uilleann ba da baki ake hura shi ba: zugazugi ne a ƙarƙashin gwiwar hannu guda, salkar iska a ƙarƙashin ɗayar. Sautinsa siriri ne, mai kaifi, kuma yawanci a kan muryar D aka gina shi, ba ya sauyuwa yadda aka ga dama. Don haka kora, abin kiɗan Mandinko mai tsirkiya 21, ita ake ɗaurewa ta bi shi. Duk mai son gwada irin wannan haɗi da gurumi ko goge, nan zai fara: a daidaita mai tsirkiya da abin busa tun kafin a buɗe mikro. In aka bari sai wajen haɗa sauti, kwamfuta za ta ja muryar gogen har ta rasa zaƙinta.

Wajen kari ma akwai darasi. Kiɗan rawar 'yan Ayalan da ake ce wa jig bugu shida ne kashi biyu, wanda kunnen makaɗin kalangu ya saba da shi. Reel kuwa huɗu-huɗu ne da gudu, kuma nan ne mai ganga ke yawan wuce mai busa.

Inda faifan ya gaza shi ne bugun inji. A wasu waƙoƙin ya yi nauyi har ya danne tama, ga shi da ka ji ka san na zamanin 1990 da wani abu ne. Faifai na biyu, Release na 1999, wanda mawaƙiyar Ayalan Sinéad O'Connor ta sa murya a ciki, ya fi shi tsabtar haɗi, amma na farkon ya fi nuna yadda aka dinga lalubar juna.

Kada a yanke masa hukunci da lasifikar salula. Gangar 'yan Ayalan bodhrán, mai fatar akuya, can ƙasa take magana, waya ba ta fitar da ita. Kwafin da ya sha yawo a WhatsApp ma ya riga ya zube. A nemi MP3 mai ingancin 320 kbps ko CD, a saurara da abin kunne mai rufe kunnuwa.

Wanda ya samo bodhrán ɗin kanta, ya kula da hunturunmu. Fatar kan ɗaure tamau ta koma ƙara kamar kwano, wani lokaci har ta tsage. A shafa mata ɗan ruwa da tafin hannu ta ciki, a jira mintuna kaɗan, sannan a ɗauka. Mikro kuma a ajiye shi ta bayan gangar, tazarar kamar taƙi ɗaya, don kada ƙarar sandar ta rinjayi amon fatar.