Ƴar na'urar ECG ta aljihu da na saya wa Mama, wata shida ke nan

Tauraro 4 cikin 5 na ba ta, bari in faɗi dalili. Na'urar ba ta kai tafin hannu ba, ƙarfe biyu ne a jikinta, ka ɗora yatsu biyu-biyu na daƙiƙa 30 sai ta turo zanen bugun zuciya cikin waya.

Matsalar Mama ita ce abin yana zuwa yana tafiya, tana zaune kawai sai ta ce kamar an saki kaza a ƙirjinta, numfashi sama-sama, kafin mu isa asibiti ya lafa, a yi gwaji ya fito ƙalau. Da na'urar nan muka kama shi da tsakar dare, bugu 140 da wani abu a minti ɗaya kuma barkatai babu tsari, na ajiye zanen na kai wa likita, ya sake nasa gwajin ya ce AFib ne, wato ɗakunan sama na zuciya sun daina matsewa daidai sai karkarwa.

Da farko bisoprolol ya ba ta. Ya ce wannan birki ne kawai, yana rage gudu amma ba ya gyara tsarin bugun, in dai tana hutawa bugun bai wuce 110 ba to an fara samu. Kuma na'urar ta nuna haka, ya sauko 90 da ɗoriya, sai dai Mama matakala shida sai ta tsaya ta dafa bango. Da muka koma da zanuka na sati uku ne ya ce to yanzu tsarin za a nema, aka yi mata allurar barci aka ɗan ja zuciyar da lantarki ta dawo daidai, aka ɗora ta kan amiodarone, maganin riƙe tsarin bugun, shi kuma da nasa rigimar, dole a riƙa duba hanta da maƙoƙo. Apixaban kuwa, maganin hana gudan jini da take sha, likita ya ce ko zanen ya yi kyau kar a kuskura a daina, don ciwon nan yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5.

Inda na cire tauraro ɗaya: in hannu ya bushe ko yana rawa sai na'urar ta ce wai ba ta iya tantancewa ba, sai mun ɗan jiƙa yatsun, kuma kusa da caja zanen hargitsewa yake. Ba ta gano bugun zuciya irin na toshewar jijiya, an ma rubuta a takardarta, ciwon ƙirji asibiti ne kai tsaye. Sannan Mama ta mai da ita abin wasa, sau goma a yini, har na ɓoye ta, yanzu safe da dare ne sai in ta ji kazar ta motsa. Jiya ma sai da ta ce, "ke, ina kika kai min ƴar tawa?"