Jan littafin Mao, bajo ko fosta: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya leƙa kasuwar tsofaffin kaya ta Panjiayuan a Beijin zai ga fuskar Mao Zedong, tsohon jagoran ƙasar Sin, ta ko'ina. Sai dai da yawa daga cikin kayan sababbi ne aka yi musu dabara suka yi kama da tsofaffi, don haka a yi hattara kafin a zaro kuɗi.

Bajo ne mafi araha. Tsakanin 1966 da 1969 an buga biliyoyi, galibi da alminiyam, har hukuma ta taka wa abin birki a 1969 saboda ƙarfen da yake lashewa. Abin da ya yi yawa haka ba zai yi tsada ba, ko na asali ne. In tsaraba kake so, saya ka wuce.

Fosta ta fi kyau a bango, amma nan jabu ya fi yawa. Ta asali takardarta siririya ce, kuma a gefen ƙasa akan rubuta kamfanin bugawa, shekara da farashi da ƙananan haruffa.

Ni dai jan littafin, wato tarin zantukan Mao, zan zaɓa, domin shi yake ɗauke da shaidarsa a jikinsa. Jaridar sojojin Sin ce ta fara tattara shi a 1964, don sojoji kawai. Daga baya ya kai babi 33 da zantuka 427, da jan bango na leda daidai aljihun kaki. Buɗe farkonsa: bayan hoton Mao akwai rubutun hannun Lin Biao, ministan tsaro na lokacin, wanda ya fi kowa kambama Mao, kuma shi ya sa hannu a gabatarwar littafin ta Disamban 1966. Da jirgin Lin ya faɗi a Mongoliya a Satumban 1971 aka ayyana shi maci amana, sai jama'a suka riƙa yage shafukansa ko su shafe sunansa da tawada, don gudun fitina. Kwafin da shafin Lin yake nan lafiya ya fi daraja a wajen masu tarawa. Wanda aka yage ma kada ka raina shi; guntun takardar da ya saura a ɗaurin yana nuna maka tsoron mai littafin ƙiri-ƙiri.

Ka duba shafin bayanin bugu, ka shinshina takardar, sannan ka taya ƙasa sosai da abin da mai kaya ya faɗa.